Bututun Kawu Garba

Duk wanda ya san Kawu Garba ya san safar ƙafarsa. Kullum tana rataye a jikin bututun hayaƙin murhun icen da ya kafa a ɗakin katakon bayan gidansa a unguwar Levenshulme, can ƙasar Turawa, tana turiri, mu kuma muna shan shayi muna daurewa.

Bututun falle ɗaya ne, a wani gareji ya tsinto shi. In wuta ta kama har ja yake yi, kuma haka ya ratsa rufin katako ya fita. Na ce, "Kawu, akwai mai riɓi biyu, da abin tare zafi a tsakani. Bayansa ba ya ɗaukar zafi irin wannan."

"Ke Ladidi! Bututun da ba ya zafi, me zan yi da shi? Safata fa?"

Matarsa Hajiya ta ce tana jin ƙaurin katako. Ya ce, "Hancinki ne, tun a Kumasi haka yake." Ta ce to, ko ya canja bututu kafin Juma'a, ko ta sa a rushe ɗakin. Nan fa hankalinsa ya tashi, domin nan kaɗai tsofaffin abokansa ke da wurin hira in sanyi ya shigo.

Da mai gyara ya zo, Kawu ya tsaya a kansa yana mita. Mutumin ya zare tsohon bututu, ya danna katakon rufin, sai yatsansa ya lume. Ashe duk ya zama gawayi, daidai saman kujerar da Malam Idi makaho, ɗaya daga cikin abokan hirar, ke gyangyaɗi a kai. Sai Kawu ya ce ƙasa-ƙasa, "Kada Hajiya ta ji." Hajiya kuwa tana bakin ƙofa riƙe da tire!

Ranar Asabar sai ga mu a Birmingham, ni da shi, gidan amininsa Alhaji Musa, wanda Kawu da kansa ya koya wa haɗa irin wannan murhu. Ko gaisuwa bai gama ba.

"Haba Alhaji, kai da hankalinka, falle ɗaya? Tun yaushe nake faɗa wa mutane!"

Ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa, sai da aka kashe wutar a gabansa. A hanyar dawowa ya ce mini, "Ladidi, da Idi ya ƙone, da ina zan sa kaina?"

Wallahi ina kewar tsohon nan. Allah Ya jiƙanka Kawu, Ya sanyaya makwancinka, Ya nesanta ka da wuta.