Inna da Kifayen Auta

Ina shiga falo jiya da azahar, na tarar da Inna durƙushe gaban akwatin gilashin kifin Sadiƙu, tana yayyafa wa buhun algarara ruwa. Ta lulluɓe murfin akwatin da shi ruf.

Sadiƙu autanmu ne. Da zai tafi bautar ƙasa, ita ya bar wa amanar kifayensa. A cikin murfin akwai fitila mai zafi, da 'yar fanka da ke fitar da zafin ta wasu ƙananan ƙofofi. Buhun ya toshe su duka. Na taɓa gilashin, na ji ɗumi kamar ruwan wankan jariri. Kifayen sun taso sama sai buɗe baki suke yi.

Na ce, "Inna, me ya kawo buhu nan?"

Ta ce, "Ba kya jin zafin Daura, 'yar nan? Haka muke yi wa tulu ruwa ya yi sanyi. In ɗaya ya mutu, da wane ido zan dubi auta?"

Na yaye buhun, na ɗora hannunta a kan ƙofofin. Da ta ji iska mai zafi tana fita, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Ashe dafa su nake yi."

Muka kashe fitilar. Kafin la'asar kifayen sun warware, babu wanda ya mutu. Amma har na fito tana zaune da mafici tana yi musu fifita ta bayan gilashi. Na san iskar ba ta isa gare su, ban dai hana ta ba.

Ku fa, wace ɓarna uwa ta taɓa yi muku don tsabar ƙauna?