Ranar da Na Auna Mai Jinya

Ko na bar aiki ba zan manta da wata Laraba da aka tura ni Kajiji ba. Lokacin ina ƙaramar jami'ar lafiya a wani ƙaramin asibiti a Shagari, aikina ziyarar gida. Ga waɗanda ba su sani ba, ziyarar gida ita ce mu bi majinyatan da ba su iya zuwa asibiti, mu auna jininsu, mu ga ko suna shan magani, mu duba bayansu kada kwanciya ta yi musu gyambo.

Wadda na je gani Inna Rabi ce, tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye. 'Yarta Hadiza ke jinyarta ita kaɗai, ga nata 'ya'yan. Na auna tsohuwa, jininta daidai, bayanta fes, ɗaki sai ƙanshin turare. Na juya in yaba wa Hadiza, sai na gan ta jingine da bango tana gyangyaɗi, kofin kunu a hannunta.

Inna Rabi ta ce da ni a hankali, "Ɗiyata, ɗaura mata abin nan naki. Ni ka kwance, amma ita ka ciwo."

Na ɗaura mata na'urar awon jini. Jinin Hadiza ya hau sosai. Da na tambaye ta rabonta da barci mai daɗi, sai ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta ce tana da yayye biyu maza a Bodinga, tela da mai shago, suna aiko da abinci da magani, amma ba ta taɓa ce musu ta gaji ba.

"Kada a ce na gaji da uwata," in ji ta.

Na koma na faɗa wa shugabanmu, Malam Bello. Na ce, "Oga, ba sunanta aka ba ni ba, amma ita ce majinyaciyar." Ya ce, "In mai jinya ta faɗi, gado biyu za mu nema. Ki kira 'yan uwan, zan zo."

Ranar Asabar muka taru a tsakar gidan. Oga ya yi bayani a tsanake, amma tsohuwar ce ta gama magana. Ta dubi babban, Alhaji Umaru tela, ta ce, "Umaru, shinkafarka ba ta juya ni kan gado."

Kunya ta kama shi, kowa ya yi dariya, har shi. A nan na koya musu yadda ake juya majinyaci da zane, mutum biyu, ba a jan hannun da ya shanye. Alhaji ya yi gwajin farko, hularsa ta faɗi kan tsohuwa, ta ce ba za ta mayar ba, ladan wahalarta ce. Aka shirya matansu su riƙa zuwa suna karɓar Hadiza, su kuma mazan su zo ƙarshen mako. Hadiza muka sa ta a magani.

Da na koma bayan 'yan makonni, ban tarar da ita ba. Alhaji Umaru na samu zaune bakin gado da cokali, ya ɗinka wa mahaifiyarsa riguna masu buɗewa ta baya don sauƙin sawa.

"Ina Hadiza?" na tambaya.

Tsohuwa ta ce, "Ta tahi biki Sifawa. Na ce kada ta dawo sai da lalle."

Ina shirin hawa babur sai ga ta, ƙafa da hannu jawur, tana ba da labarin amarya tun daga ƙofa. Ban taɓa jin muryarta da ƙarfi haka ba.

Tun daga nan, duk gidan da na shiga, in na gama da mai kwanciya sai in nemi wanda ke tsaye a kansa. Mutanenmu ba su faɗin gajiya, suna ganin butulci ne ga iyaye. Ku da kuke fara wannan aiki, kada ku jira su faɗa. Ku ce su miƙo hannu.