Faifan Iya da Garmaho Marar Roba

Kakata Iya tana da faifai guda ɗaya, naɗe cikin tsohon zane. Kiɗan kalangun mijinta ne a ciki, wanda ya rasu kafin a haife ni. Garmahon gidanmu zaren roba ke juya shi, zafin Maraɗi kuwa ya sa robar ta saki, kiɗan yana fitowa yana jan ƙafa.

"Wannan ba hannun maigidana ba ne," in ji ta. "Shi bai san kasala ba. Kashe."

Babana mai gyaran rediyo ne a Sabon Gari. A shekarun da jam'iyyu suka fito, yau yajin aiki gobe zanga-zanga, wani ɗan kasuwar Tibiri ya kawo masa gyaran garmaho. Baba ya zo da shi gida bayan magariba, ya yi mana bayani daki-daki. Na farko, ba shi da roba. Na biyu, injin yana ƙarƙashin farantin, shi ke juya shi da kansa. Na uku, mai shi zai karɓe shi da safe. Iya na cikin warware faifanta daga zanen, aka ɗauke wuta.

Muka koma bakin murhu. Baba yana kai da kawowa, ni ina leƙen ƙwan lantarki. Ita ma Iya sau uku tana gyara itacen da ke ci lafiya lau.

"Kai, angona marar sadaki, zauna," ta ce mini. "Ga ta nan, kama ta kafin ta tsere."

Wai wata mata ce a Jiratawa, rijiyar lambunta ta ƙafe, albasa tana ƙonewa. Ta aiki hankaka wurin hadari. Hankaka ya gaji, ya ba kurciya saƙon. Kurciya ta tsaya cin gero, ta ba hawainiya. Duk wanda ya karɓa sai ya rage wa saƙon zafi. Da ya isa, hadari ya ce, "Ashe babu gaggawa." Sai matar ta ci ɗamara, ta hau tudu da ƙafarta, ta ƙwala kira.

"Ya zo?" na tambaya.

Sai kawai ƙwan ya kama.

Baba ya aza faifan, ya sauke allura. Farantin ya ɗauki gudunsa nan take, babu tangaɗi. Kalangu ya fito tsaf, mai zafin hannu, kamar makaɗin yana tsakar gida. Iya ta tsaya a bakin ƙofa da muciya a hannu. Faifan bai kai rabi ba wuta ta sake tafiya, sautin ya nutse. Baba ya soma ba ta haƙuri.

"Bari, ɗan nan," ta ce. "Shi ne. Dama haka yake tashi ba sallama."

Da safe aka mayar da garmahon. Iya ba ta ƙara neman a sa mata faifan ba, tatsuniyar ma ba ta ƙarasa ta ba.

Ni mutum ne mai son kowane abu ya kai ƙarshensa, don haka na daɗe ina jin haushin wannan dare. Sai da na yi furfura na gane dalilin natsuwarta. Shekaru tana jin faifan cikakke, amma ba ta ji mijinta ba sai a wannan guntun.