Daddawar da Baba Bai Kai Musu Ba

'Yan bindiga sun kashe Baba a hanyar Bangi, shekara guda ke nan. Ni na goya shi a babur. Na tsira, amma ƙafata ta mutu.

Jiya na wuce mai daddawa a kasuwa, warin ya dawo mini da shi.

A lokacin, ɗansa Bulus da matar Bulus, Rifkatu, ne ke shirin tafiya ƙetare aikin bishara. Baba bai damu da nisa ba, miya ce ta dame shi. Ya ce sai ya samo musu daddawar ƙauye.

Na ce, "Baba, hanyar nan ba kyau."

Ya ce, "Kai dai tuƙa. Yaran nan za su yi wa'azi da miyar da ba daddawa?"

Da muke dawowa, ƙullin na tsakaninmu, yana waƙar coci a bayana. Sai harbi.

Bulus bai tafi ba. Akwatunansu na nan a ɗaure, ba mai zancensu.

Baba na kwance bayan coci. Ubangiji ya ba shi hutun da mu ba mu samu ba.