Abin da Ya Wuce Baba Mai Ƙofa

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tsaron ƙofar wata masaƙa, shi ya sa har yau ake ce masa Baba Mai Ƙofa. Aikinsa shi ne lalube jakunkunan ma'aikata idan an tashi, kuma yakan bugi ƙirji ya ce ko ƙullin zare bai taɓa wuce shi ba. Shi ba jaka yake kallo ba, in ji shi, tafiyar mai jakar yake kallo. Da ya ajiye aiki, sai ya dawo da idon nan gida. Idan jika ya gaishe shi da fara'ar da ta wuce kima, sai ya tambaye shi me ya fasa.

Kowace Asabar da yamma 'ya'ya da jikoki sukan hallara a falo su yi wasan hotuna. Akan jera kati ashirin a kan tebur, layi huɗu, kowanne da hotonsa, sannan a kasu gida biyu. Jagoran kowane ɓangare ne kaɗai ya san katunansu. Zai faɗi kalma ɗaya tak, mutanensa su gano hoton da yake nufi su ɗora yatsa. Baba shi ne alƙali, kuma shi ya naɗa kansa.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne matarsa, Inna. Tun da ta koma ɓangaren Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ba ta taɓa kuskure ba. Ko duban tebur ba ta yi sosai, sai dai ta miƙa yatsa ya sauka daidai.

Mako uku yana sa ido. Ya binciki bayan katunan, bai ga alama ba. Ya sauya wa kowa wurin zama. Har tari ya hana.

"Baba, wasa ne fa, ba masaƙa ba," in ji babban ɗansa.

"A wasa ake koyon hali," ya ce, bai ko ɗago ba.

A mako na huɗu kunnensa ya kamo abin da idonsa ya rasa. Duk sanda Auta ta faɗi kalmarta, sai ta juya shayinta, cokali ya bugi kofi: yawan bugun farko lambar layi, yawan na biyu lambar kati. Baba ya bari aka yi sau biyu don ya tabbatar, sannan ya miƙe ya ɗauke kofin.

"To, Auta, faɗi kalmarki. Yau za mu ga gwanintar uwarki."

Auta ta dubi Inna, muryarta ta yi ƙasa. "Ruwa," ta ce.

Ga hoton kwale-kwale nan ƙato a layin farko, ko ƙaramar jika ta gan shi. Inna ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa tebur. Hannunta ya yi ta yawo, daga bisani yatsan ya sauka a kan katako, tsakanin kati biyu.

Nan take Baba ya tuna allurar da ta daina zura wa zare, da wayar da take miƙa wa jika ya karanta mata, da yadda take dafa bango a bakin matakala. Duk a gabansa aka yi.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Wata takwas," in ji Inna. "Ni na ce kada a gaya maka. Na san ka, Malam. Ko ƙofar gida ba za ka sake bari in leƙa ba."

"Ranar Litinin zan kai ta wurin likitan ido," in ji Auta.

Baba ya daɗe a tsaye da kofin a hannu. Can ya mayar da shi gaban Auta, amma ya zare cokalin ya jefa a aljihu.

"Maguɗi dai an yi shi, kuma na kama," ya ce. "Daga yau alƙali zai faɗi kowane hoto da wurinsa da babbar murya. Layin farko: tsani, kwale-kwale, agogo..."

Ya tsaya, ya harari Auta.

"Litinin ɗin kuma da ni za a je. Ban yarda da likitan da ban ga tafiyarsa ba."