Kujerar da Aka Kai Aliero

Kawuna masassaki ne a Maiyama. Duk ranar kasuwar Jega yakan sauka gidanmu da akusa da muciyoyi, tufafinsa na ƙamshin ɗanyen icce. A shekarun da aka ba mu sabuwar jiha ina firamare, ba ni da yawan magana, sai dai kallo.

Wata rana ya zo da 'yar kujerar mata da ya sassaƙa daga gungume guda, babu ƙusa ko ɗaya. Na kifa ta da ba kowa a tsakar gida. Ashe har cikinta ya yi wa zane da ƙarfe mai zafi, layuka sirara suna bin juna kamar kitso, kuma sawun gizagonsa na nan a jere kamar ɓawon kifi. Na shafa, na ji a raina tawa ce.

A gidanmu yarinya ba ta samun kujerarta sai ta iya tuƙa tuwo ita kaɗai. Ɗiyar gwaggona, sa'ata, wadda ta zo mana daga Aliero, ta daɗe da iyawa. Ni kuwa lokacin girki ina kan aikin makaranta. Kawu ya miƙa wa ɗiyar gwaggo kujerar. Ta zauna daɓas tana cin gyaɗa, ko juya ta ba ta yi ba.

Da la'asar na je wurin Inna, murya ƙasa-ƙasa.

"Inna, ni ka tuƙi yau."

"Ke? To, ga muciya, 'yar boko."

Hayaƙi ya cika mini ido, garin ya ƙi bin hannuna. Na kwashe a akushi na kai wa Kawu. Ya yi loma, ya ciro gudaji ya ɗaga sama.

"Ɗiyata, wanga dutsin wasa gizago kika kawo min?"

Ɗiyar gwaggo ta yi dariya har tana buga ƙafar kujerar da diddige. Kawu ya zaro sabuwar muciya ya ba ni.

"Fara da wagga. Icce bai ƙare a daji ba."

Washegari ɗiyar gwaggo ta hau motar Aliero. Yaron mota ya ɗaure kujerar a kife bisa buhunan albasa, zanen yana kallon sama, duk mai wucewa yana gani. Na tsaya da muciyata a hannu har motar ta sha kwana.