Ni Ce Na Raba Kawu Inuwa da Katun

A watan nan yayana Inuwa ya cika shekara ashirin da rasuwa, kuma har yau idan watan ya kama ba na iya zama wuri ɗaya. In shiga ɗaki, in fito, in ɗauki mayafi in zaga unguwarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi ba tare da na san wurin wa za ni ba. Bana dai na ce bari in rubuta, ko na samu sauƙi.

Waɗanda suka taso a Kano a ƙarshen mulkin soja sun san shi da Kawu Inuwa. Fitaccen ɗan wasan kwaikwayo ne, sai wani gidan talabijin ya ba shi shirin yara na yammacin Asabar. Yakan zauna a tabarma da hularsa a karkace, ya sako guntun katun na ƙasashen waje, ya kashe Turancin, ya riƙa yi wa dabbobin magana da Hausa. Muryar ɓera daban, ta kare daban, ta tsohuwar agwagwa kuwa muryar gwaggonmu ce sak, har ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa. Ana tsakiyar gudu sai ya tsayar da hoton ya ce, "To yara, wa ya fara tsokana?" Layinmu kan yi tsit a wannan lokacin, ko aike ba a samun mai zuwa.

Ni kuwa kunya nake ji. Ina aikin jinya a asibitin koyarwa, likitoci na kirana ƙanwar mai katun. Da soja suka shirya komawa bariki aka buga gangar siyasa, wasu 'yan jam'iyya suka zo neman ya tsaya takarar kansila a ƙaramar hukumar Tarauni. Ya ce musu a'a. Ni ce na bi shi har gida.

"Yaya, shekararka arba'in da biyar kana kukan agwagwa," na ce masa. "Ga dama ta zo ka zama mutum."

Ya kalle ni ya ce, "Rabi, ashe da can ba mutum ba ne ni?"

Ban janye ba. Na haɗa shi da Inna, na haɗa shi da matarsa, har ya ajiye shirin ya karɓi takara. Duk inda ya je yawon neman ƙuri'a, daga Unguwa Uku har bakin Hotoro, yara ne ke cika wurin suna ihun ya yi musu muryar ɓera. Iyayensu su yi dariya su wuce. Yara kuwa ba sa zaɓe. Ya sha kaye, ya koma gidan talabijin, aka ce masa yanzu yana da launin jam'iyya, ba za a sa shi gaban 'ya'yan kowa da kowa ba. Masu magana sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, ni ban yarda ba sai da na ga yayana a shagon gyaran rediyo, yana yini bai furta kalma goma ba.

Yanzu ina kallon jikokina, kowanne da waya a hannu, katun na zuba ba dare ba rana da harshen da ba su gama ji ba, babu mai tsayar da hoto ya tambaye su komai. Me Yaya zai ce? Wata rana in ga kamar zai yi baƙin ciki. Wata rana kuma in ce ina, da tuni ya karɓi wayar ya buɗe shirinsa, ba ya neman izinin kowa. Wannan tunanin ya fi hana ni sukuni, don da ya daɗe kaɗan da zamani ya biya shi abin da na ƙwace masa.

Ciwon hanta ne ya kwantar da shi a asibitinmu. Ana jibi zai rasu, ina gyara masa ƙarin ruwa, na daure na ce, "Yaya, ni na raba ka da aikinka."

"Da ƙafata na je," ya ce. "Amma gaskiya, Rabi, ba ki kyauta ba."

Na tsaya ina jiran ya mai da ita wasa kamar yadda ya saba. Bai yi ba. Can ya kama hannuna ya ce, "Na yafe." Maganganun nan biyu nake ɗauke da su, kuma ta biyun ba ta taɓa shafe ta farkon ba. Da-na-sani ƙeya ce.

Na nemi kaset ɗin shirin, aka ce an daɗe da naɗar wasu abubuwa a kansu. Ya rasu bai bar gida na kansa ba, bai bar muƙami ba, ko hoton kirki ba mu da shi. Abin da ya rage yana jikin mutane. Ka ambaci Kawu Inuwa gaban direban adaidaita ko malamar makaranta da suka doshi arba'in, sai ka ga dariya ta kuɓuce musu, sannan su kama baki su ce Allah ya jiƙansa. Na yi shekara talatin ina ganin mutuwa a asibiti, ban san wani mamacin da dariya ke riga addu'arsa fitowa ba. Allah ya jiƙanka, Yaya.